Koyil Ɗin da Ba a Zo Karɓa Ba

Na shiga Guangzhou da jaka ɗaya, da takardar gurbin karatu, da lambar wayar mutumin da aka ce zai tarbe ni. Ya tarbe ni ɗin kuwa. Bahaushe ne ɗan'uwana, ya sha shadda da hula, bakinsa ba ya rabuwa da "ƙanena". Ya ce ɗakunan kwanan jami'a ba za su buɗe ba sai bayan mako biyu, amma kada in damu, ya kama mini ɗaki a Sanyuanli, unguwar da 'yan kasuwarmu suke sauka. Ya karɓi kuɗin ɗakin, ya hau da ni hawa na huɗu a wani tsohon gini, ya nuna mini wata ƙofa, ya ce bari ya karɓo makulli a ƙasa. Ya sauka riƙe da ledar kilishin da yayata Binta ta ƙullo mini, wai yana rage mini kaya. Har yau bai hawo ba.

Na zauna a kan jakata tun azahar har la'asar ta gota. Mutane suna ta hawa da sauka, wasu ma Hausa suke yi, ina jin su sarai. Ban tsayar da kowa ba. Haka Allah ya yi ni. In dai littafi ne, zan yi kwana uku ina tono amsa a cikinsa, amma in buɗe baki in tambayi mutum, sai harshena ya yi nauyi.

Can sai ga wani dattijo mai jiki ya hawo yana haki, da tarin makullai a hannu. Ya dube ni, ya dubi ƙofar.

"Malam, lafiya? Gadi aka ɗauke ka?"

Na ce ɗakina ne, makulli nake jira.

Ya buɗe ƙofar ya ce, "To bismilla, shiga ɗakinka."

Tun daga ƙasa har rufi dilolin wandon jins ne. Na ba shi labarin abin da ya faru. Bai yi mamakin cutar ba, ya ce ni ne na uku da aka ajiye masa a bakin ƙofa. Abin da ya ɗaure masa kai daban ne.

"Tun azahar? Kuma ba ka tambayi kowa ba? Kai kuwa daga wace unguwa kake a Kano?"

Wannan shi ne Alhaji Sabo. Ya shekara da shekaru yana saro jins a Xintang yana aikawa gida. Ya janye dila biyu, ya shimfiɗa mini tabarma a tsakaninsu, nan na yi makonni biyuna na farko a ƙasar Sin, ina shaƙar warin shuni.

Mahaifina mai naɗin koyil ne a Ƙofar Ruwa. Janareta, injin ban-ruwa, fanka, duk abin da wayar cikinsa ta ƙone ana kawo masa, ya warware ta, ya ƙirga zagayen, ya naɗa sabuwa. A gabansa na koyi riƙe waya. Baba yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa suke yi masa dariya a kanta. Ba ya yanke ƙonanniyar waya sai ya dubi mai kayan ido da ido ya ce, "Har yanzu kana son sa, ko ranka ya riga ya tafi wajen sabo?" In aikin ya kwana biyu, sai ya sake kiran mutumin kafin ya ɗora sabuwar waya. Dalilinsa yana saman shagon: wata doguwar kanta cike da koyil-koyil da aka gama, masu su ba su dawo ba. Kantar marayu yake ce mata.

Ɗaya daga cikin marayun nawa ne. Ina sakandare Baba ya yi tafiya, wani ya kawo injin ban-ruwa, na ji nauyin yi wa babban mutum irin wannan tambaya. Na yi kwana uku ina naɗi. Ashe tun rana ta biyu ya sayi sabo. Da Baba ya dawo bai yi faɗa ba. Ya juya koyil ɗin a hannunsa, ya ɗora shi a kanta, ya ce, "Naɗin ya yi kyau, Muntari. Tambayar ce ba ka yi ba."

Naɗin koyil ɗin ne ya samo mini wuri a ɗakin gwajin Farfesa Wen, malamin da aka ba ni ya duba aikin digirina na biyu. A makon farko ya ga na gyara wata 'yar mota ta lantarki da ɗalibai suka ƙona, ya daɗe yana duban zagayen wayar, sannan ya kira ni ofishinsa.

Ya ce akwai gasar tseren motoci mafi girma a duniya, wadda manyan kamfanonin mota suke zuba dukiya a cikinta. Injin waɗannan motoci haɗi ne na fetur da lantarki. A cikin injin akwai wata na'ura da ba ta fi gwangwanin madara girma ba, tana zaune a hanyar hayaƙi. Zafin da sauran motoci suke zubarwa ta salansa, ita sai ta kama shi: hayaƙin ya juya fanka, fankar ta juya ƙaramin janareta, janaretan ya cika batir. Yana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti guda, a cikin zafin da yake narka rufin waya. Wani kamfani a bayan gari yana son ya ƙera koyil ɗin da zai jure wannan, ya sayar wa masu haɗa injinan tsere a Turai. Su ne za su ɗauki nauyin aikin. Ni ne zan yi shi.

Na fito ofishin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Da ƙarfe uku na rana, lokacin da a Kano ake buɗe shaguna, na kira Baba.

"Janareta ne ke nan," in ji shi.

"Janareta ne, Baba, amma ɗan mitsitsi."

"To. Waya dai waya ce. Ka ƙirga zagayenka sau biyu."

Hukumar gasar tana da littafin dokoki da kowa zai iya saukewa ya karanta. Na buga sashen injin gaba ɗaya, na ɗinke shi da zare, na bi shi layi-layi da jan biro. Na san nauyin da aka yarda, da gudun da aka yarda, da irin ƙarfen da aka hana. Na ɗauki littafin nan kamar abin da masana suka zauna suka auna da ma'auni, wanda ba ya motsi sai ilimi ya motsa.

Abokin aikina kullum shi ne Shifu Tan, dattijon da yake kula da injinan ɗakin gwaji. Shifu kamar a ce Oga ne a bakin masu sana'a. Ba ya jin Turanci, ni kuma Sinancina na sayen abinci ne. Da hannu muke magana. In na naɗa da kyau ya ɗaga babban yatsa, in na yi kuskure ya buga tebur da ƙusa. Da ya lura ba na cin abincin kantin jami'a sai farar shinkafa, sai ya fara kawo mini dafaffen ƙwai biyu kowace safiya, a cikin ɓawonsu, don in tabbata ba abin da ya taɓa su.

Ranar Juma'a bayan masallaci nakan hau jirgin ƙasa in tafi Sanyuanli. A shagon Alhaji Sabo ake tuƙa tuwon shinkafa a tukunyar lantarki, da miyar kuka in an samu wanda ya zo da ita. Akwai wani abokinsa Isufu, ɗan Maraɗi mai sayen takalma, wanda ya sa mini suna Ɗan Lakkol, wato ɗan boko a Hausarsu ta Nijar.

"Ɗan Lakkol, yaushe za ka ɗauko mu cikin motar nan taka?"

Na ce kujera ɗaya gare ta.

"Kujera guda? Ba ta ɗaukar buhu? To mi ad daɗinta?"

Alhaji ya ce, "Rabu da shi. Shi duk abin da ba ya ɗaukar takalmi zuwa Maraɗi ba mota ba ne."

Wata Juma'a na zo da littafin dokokin, ina nuna musu da alfahari. Na faɗa musu cewa an taɓa maganar cire na'urar tawa daga doka, amma kamfanonin da suke cikin gasar suka ƙi, domin sun riga sun kashe shekaru a kanta, aka bar ta. Ina faɗa ne don in nuna ƙarfinta. Alhaji ya ajiye cokalinsa.

"Tsaya. Su kamfanonin ne suka ƙi?"

"E, Alhaji."

"Ba malamai ba?"

"Ai suna zama tare a teburin."

"To Injiniya, wannan littafin naka ba doka ba ce, ciniki ne. Wanda ya ce a bari, gobe wani da ya fi shi kuɗi zai ce a cire. Kai ka san bara na cika sito da matsattsen wando? Manyan can suka ce bana mai faɗi ake yi. Ɗinkin nawa ba abin da ya same shi. Yana nan, je ka gani, har a gefensa ka kwanta."

Na yi murmushi, a raina ina cewa ina ruwan jins da kimiyya. Ya ƙara da cewa, "Kuma ka san mutanen nan. Lawban," wato mai shago, "ba ya ce maka a'a. In kaya ba su nan zai ce meyo, babu, wannan mai sauƙi ne. Amma in maganar za ta ɓata maka rai, sai ya zuba maka shayi ya ce za a duba. Ranar da ka ji za a duba, ka sake tambaya. Ka sake ta uku. In ka yi shiru, shi ma ya huta."

Sai annoba ta zo ta rufe duniya. Ba zan daɗe a kanta ba, kowa ya ɗanɗana nasa. An kulle mu a cikin jami'a watanni. Alhaji Sabo, da maigidan hayarsa ya kore shi, ya koma kan tabarmar da ya taɓa shimfiɗa mini. Isufu ya samu jirgi ya tafi, bai sake samun hanyar dawowa ba. Abin da ya shafe ni shi ne wannan: duk ɗalibin da ya fita ƙasar, ƙofa ta rufe a bayansa. Ba wanda ya san ranar da za a buɗe.

Da aka sassauta muka koma ɗakin gwaji. Ina da littafin rubutu mai baƙar fata da nake rubuta komai a ciki, har da abin da bai kamata ya dame ni ba. Yanzu in na buɗe shi kunya takan kama ni, domin duk amsar tana ciki da rubutun hannuna. Na rubuta ranar da injiniyan kamfanin, wanda yakan zo kowace Talata, ya fara tsallake mako, sannan ya daina zuwa. Na rubuta ranar da siririyar waya ta musamman da kamfanin yake aiko mana ta ƙare, Shifu ya nuna mini kwalin ya ce meyo, muka koma tsintar ragowa. Na rubuta ranar da Farfesa ya ɗauke ɗalibai biyun da suke taya ni ya mayar da su aikin batir. A jaridun gasar ma na karanta cewa wani babban kamfani yana son shigowa, amma ya ce ba zai shigo ba muddin na'urar nan tana cikin doka: waɗanda suke ciki sun yi masa nisan shekaru, kuma shi ba ya ganin inda zai sa ta a motocin da yake sayar wa jama'a. Na kwafe wannan ma, na ja layi a ƙarƙashi, na rubuta a gefe: an taɓa faɗar haka.

A cikin wannan hali Yaya Binta ta kira ni wata Laraba da la'asar. Ita ba ta kewaye-kewaye.

"Muntari, jikin Baba ne. Ƙoda ce. An fara wankin jini."

"Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi ake cewa. Ni dai na faɗa maka. In da hali ka zo."

Na yi kwana biyu ina lissafi a raina. In na tafi, ba dawowa. Koyil ɗin yana bukatar wata huɗu kafin gwajin ƙarshe a gaban kamfanin, kuma a zatona in ba wannan gwajin, ba digiri. Shekara uku za su zube. Amma in kamfanin ya riga ya janye, to ba abin da nake jira. Tambaya ɗaya ce ta raba hanyoyin biyu, kuma na san ta tun ina yaro. Na rubuta ta da Turanci a kan guntuwar takarda don kada harshena ya ci amanata: Har yanzu kamfanin yana son wannan na'ura? Na ninke ta na sa a aljihun riga.

Farfesa Wen ya karɓe ni da mutunci. Ya zuba mini shayi da hannunsa. Na faɗa masa mahaifina ba shi da lafiya. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma nasa ya tsufa a ƙauye. Ya ce aikina yana da kyau ƙwarai, ɗalibi irina ba ya zuwa kowace shekara. Na sa hannu a aljihu, na taɓa takardar. Sai na dubi furfurarsa, da shayin da ya zuba mini, na ji in na karanta tambayar kamar na ce masa yana ɓoye mini wani abu ne. Malami ne. A gidanmu ba a titsiye malami. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Farfesa, gwajin ƙarshe yana nan a lokacinsa?"

Ya juya kofinsa a kan tebur. Ya ce, "Za mu duba."

Na ji kalmar. Na tuna Alhaji, har da yadda ya ajiye cokali. Na ce na gode, na tashi, na ja masa ƙofa a hankali.

Na zauna. Na gaya wa Yaya Binta wata huɗu ne kawai. Ta ce, "Allah ya kai mu," ta kashe wayar ba sallama.

Wata uku da rabi na yi ina naɗi da ragowar waya. Koyil shida suka ƙone. Na bakwai na canza yadda nake jera zagayen, na bi wata dabarar Baba ta saƙa wayar a karkace don iska ta ratsa. Muka ɗora shi a kan injin gwaji, ya yi ta juyawa cikin zafi tun safe har azahar bai yi wari ba. Shifu bai ɗaga yatsa ba ranar. Ya cire hularsa ya dafa kafaɗata.

Da ƙarfe uku na kira Yaya ta bidiyo, ta kai wa Baba wayar. Yana kwance, fuskarsa ta kumbura, amma idonsa nasa ne.

"Matso da shi in gani. Juya. Kai, Muntari, wannan hannunka ne?"

"Nawa ne, Baba. Saƙarka na yi."

"Ya fi nawa. Wallahi ya fi nawa." Ya yi tari, Yaya ta gyara masa matashi. "Mai shi ya zo ya gani?"

"Bai zo ba tukuna."

Ya dube ni ta cikin wayar.

"Ka tambaye shi dai?"

Takardar tana cikin littafina, a ninke yadda take.

"Na tambaya, Baba."

"To madalla. In dai ka tambaya, zauna ka gama aikinka. Kada ka damu da ni."

Kwana tara bayan nan, ina cikin rubuta sakamakon gwaji da la'asar, Yaya ta kira. Da asubar Kano Baba ya cika. Kafin in iso Sanyuanli har an kai shi.

Alhaji Sabo ya rufe shago. Ya tara 'yan Hausawan da suka rage a unguwar, ba su kai goma ba, muka zauna a kan diloli aka yi addu'a. Isufu ya kira daga Maraɗi, bai ce Ɗan Lakkol ba, ya ce, "Malam Muntari, sai haƙuri, Allah shi jiƙan tsoho." Kwana uku Alhaji bai bar ni na koma jami'a ba. Da na koma na tarar da ƙwai shida a kan teburina, Shifu bai fasa kawowa ba ko rana ɗaya.

Na riƙe koyil ɗin da hannu biyu a kwanakin nan. Ina gaya wa kaina cewa ba a banza na zauna ba, Baba da bakinsa ya ce in zauna. Wannan ya riƙe ni kusan wata biyu.

Sanarwar ta fito wata safiya ina cikin jirgin ƙasa. Kamfanonin da hukumar sun daidaita. A sabuwar dokar injin an ƙara ƙarfin lantarki, an canza mai, an cire na'urar hayaƙi gaba ɗaya. Sabon kamfanin zai shigo, tsofaffin sun yarda domin gasar tana son sababbin masu kuɗi. Ba wanda ya ce na'urar ba ta aiki. Kowa ya yarda ita ce mafi wayo a cikin injin. Ta yi tsada ne, ta kuma tsare wa baƙo ƙofa. Na wuce tashata da tasha huɗu kafin in ankara.

A ɗakin gwaji na nuna wa Shifu wayata. Ya duba, bai yi mamaki ba. Ya ciro tasa, ya yi magana a ciki, ta fassara mini: kamfanin ya janye tun lokacin da wayar naɗi ta daina zuwa. Sun ji ƙishin-ƙishin daga Turai. Kowa a nan ya sani. Ya sake magana: na zaci ka sani, kana yi ne don son aikin.

Ranar na shiga ofishin Farfesa ba tare da an kira ni ba. Na ciro takardar, na warware ta, na karanta masa tambayar da ƙarfi, wata shida bayan lokacinta. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Ya ce bai so ya karya mini gwiwa ba. Ya ga yadda nake son aikin, ya ji tsoron in ya faɗa mini zan watsar. Ya ce digirina bai taɓa rataya a kan kamfanin ba. Sakamakon da nake da shi tun kafin in zo masa da maganar mahaifina ya isa a rubuta kundi. Da na tafi gida, da na rubuta a can, na kare shi ta bidiyo kamar yadda wasu ɗalibai suka yi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni lokacin gwaji," in ji shi a hankali. "Ba ka ce kana son tafiya ba. Na ɗauka ka zaɓi zama."

Na so in yi fushi da shi, kuma na yi, na 'yan kwanaki. Na yi fushi da mutanen da suka zauna a wani ɗaki a Turai, waɗanda ba su san akwai Ƙofar Ruwa a duniya ba, suka goge layi huɗu a takarda. Amma fushin ya ƙi zama a kansu. Su ciniki suke yi, kuma an faɗa mini haka a kan tuwon shinkafa. Farfesa ya ji nauyina, ni na ji nauyinsa, muka sha shayi muka rabu da mutunci, Baba yana kwance a Kano.

Da na ba Alhaji Sabo labarin, na jira ya ce ai ya faɗa mini. Bai faɗa ba. Ya ce, "Kwanan Malam ne ya ƙare, Injiniya. Ko kana gefensa ba za ka ƙara masa minti ba." Sannan ya ce, "Amma da ka gan shi." Na gode masa da bai tsaya a rabin farko ba.

An canza wa kundin suna, aka ce bincike ne kan kama zafin hayaƙi a manyan motocin kaya. Na kare shi, aka ba ni sakamako mai kyau. Kamfanin bai nemi koyil ɗin ba, jami'a ma ba ta da inda za ta sa shi. Ranar da zan tafi Shifu ya naɗe shi a cikin tsohon tawul, ya tura mini a jaka. Alhaji ya raka ni har tashar jirgin ƙasa da ke titin Liuhua Lu, ya ba ni wando biyu daga cikin matsattsun nan, ya ce in kai wa wanda bai san an daina yayi ba.

Na sauka Kano, na je maƙabarta, na gaida dangi. A rana ta huɗu Yaya Binta ta ba ni makullin shago. Ta ce ba wanda ya buɗe tun rasuwar. Ta biyo ni, ta tsaya daga bakin ƙofa.

Komai yana inda ya bari: kujerarsa, almakashi, daurin waya, allon da yake rubuta zagaye da alli. Maƙwabcinsa mai walda ya leƙo ya yi mini gaisuwa. Ya ce, "Kai ne na Sin? Malam ya ishe mu da labarinka. Duk wanda ya zauna sai ya nuna masa hoton a waya, wai ɗansa ne yake naɗa koyil ɗin motar da ta fi kowace mota gudu a duniya. To ya ake ciki, an ɗora?"

Na ce ba a ɗora ba.

"Ai za a ɗora, in sha Allahu," in ji shi, ya koma bakin aikinsa.

Yaya ta ce, "Ranar nan da ka ce masa ka tambaya, da na kashe wayar ya ce mini, yaron nan bai tambaya ba."

Na juyo na dube ta.

"Na ce to in kira ka in ce ka taho? Ya ce a'a. Ya ce in bar ka, naɗin ya yi kyau, kada a katse maka shi a tsakiya."

Na jawo kujerar Baba, na taka. Kantar marayu tana nan cike. Na gane na injin ban-ruwan da na naɗa ina sakandare, yana can ƙarshe ta hagu, wayarsa ta dushe. Na matsar da shi kaɗan. Na warware tawul ɗin Shifu, na ajiye ƙaramin a gefen babban, sannan na sauko na mayar da kujerar inda take.